Wa Za Ta Kira da Ƙarfe Ɗayan Dare? Nazarin Halin Wata Uwa Mai Ɗa Ɗan Sikila a Rigasa

Ina koyarwa a wata islamiyyar matan aure a Rigasa, a can na san matar da wannan rubutu ya shafa. Na nemi izininta kafin in ɗauki alƙalami, ta amince da sharaɗin kada sunan kowa ya fito, har na asibitin. Saboda haka uwar yaron zan riƙa ce mata.

Asalin gidan, 2021

Daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Gwari suka taso a daminar 2021, lokacin da 'yan bindiga suka hana jama'a noma da barci. Suka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya mai ɗakuna takwas. Danginta sun watse, mahaifiyarta na Funtuwa wajen babban wanta, sauran kowa ya kama gabansa. Maigidan ya samu tuƙin motar kaya zuwa Kudu, yakan yi kwana biyar ko shida bai kwana gida ba.

Ta zo Kaduna da 'ya mace mai shekara biyar, da ciki. Kafin nan ta binne ɗa namiji a ƙauye yana da shekara biyu da 'yan watanni. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya tashi, aka ce shawara ce, aka yi ta ɗura masa jiƙo, kwana biyu rai ya yi halinsa. Ba a taɓa gwada jininsa ba. Ita da mijin ma ba su yi gwajin jinotaif, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila a jininsa, kafin aure ba, don a garinsu babu mai wannan zance a lokacin.

Ta sauka a watan Nuwamba, aka samu namiji.

Yuni zuwa Agusta 2022: hannu ya kumbura

Yaro na da wata bakwai bayan hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, suka ɗauki zafi, ko taɓawa aka yi sai ya canyara ihu. Aka kai shi kemis, aka yi allura, abin ya lafa. Bayan sati uku ya dawo. A karo na uku ta kai shi asibiti, aka ɗebi jini, sakamako ya fito: SS, wato yana da ciwon sikila. Aka gwada iyayen, dukansu AS, wato suna ɗauke da sikilar a jininsu amma ba su da ciwon. Yarinyar ma AS.

Ba mamaki da ciwon ya jira sai lokacin. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini da ke kare shi, wanda yake raguwa wajen wata shida, daga nan sikila ke nuna kanta, kuma kumburin hannu da ƙafa na cikin alamominta na farko. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kan yi kwana 120 suna aiki, na ɗan sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa, ga su a lanƙwashe kamar lauje suna toshe ƙananan hanyoyin jini. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Mutane kan ɗauka in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauka, alhali kowane ciki da nasa lissafin. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara.

An rubuta wa yaron folik asid, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da fenisilin, aka yi wa uwar bayani cikin 'yan mintuna ga layi a bayanta. Ta gaya mini daga baya cewa duk abin da aka faɗa kalma biyu kawai suka zauna mata: ba ya warkewa. A cikin Keke Napep tana komawa gida ta gane abin da ya kashe ɗanta na fari.

Satumba 2022 zuwa Janairu 2023: abubuwan da aka gwada

Barci ne ya fara ƙaura. A zaune take kwana, bayanta jingine da bango, tafin hannunta a ƙirjin yaron. In gyangyaɗi ya ɗauke ta sai ta zabura ta lashi yatsa ta kara a hancinsa ta ji ko yana numfashi. Da ƙyar take haɗa awa uku a dare. Ta hana shi rarrafe a tsakar gida, ta jibga masa riga uku ko da rana ce. Ranar da yayarsa ta bar shi ya tsoma hannu a bokiti, dukan da ta yi wa yarinyar sai da ya sa ita kanta ta zauna tana kuka. Ta rame har zanenta ya koma zagaye ta sau biyu. A aji sai ka ga idonta a kan Alƙur'ani, hankalinta yana wani wuri.

Mijin ma yana cikin nasa. Yakan kira sau shida, sau bakwai daga hanya, tambaya ɗaya: "Yaya jikin nasa?" In wayarta ta mutu sai ya faka mota ya kasa tuƙi.

Abu na farko da suka yi shi ne ɓoyewa. Suna tsoron a ce gidansu da mugun jini, kuma suna hangen auren yarinyar tun yanzu. Matan gidan suna jin kukan dare, in sun tambaya sai ta ce haƙori ne. Wannan ya rufe mata ƙofar duk wanda zai iya taimako, tana zaune da mata bakwai a gida ɗaya amma gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Surukarta ta aiko da saƙe-saƙi da turaren hayaƙi, ta ce amosani ne, wani mai magani kuma ya yi alkawarin mayar da jinin AA, wato marar sikila, cikin wata uku. Ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta biya. Mafi muni, ya sa ta dakatar da maganin asibiti na sati shida. Yaro ya yi gudawa, ciwo ya tashi sau biyu a tsakanin.

Ƙanin mijin ya sa hoton yaron a Facebook yana neman taimako, ba da saninta ba. An samu 'yan kuɗi da suka biya kwanciya ɗaya, aka kuma samu masu cewa wa ya aike su aure babu gwaji. Wata ta karanta mata maganganun, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. A wajen dangin miji kuma aka fara raɗe-raɗin gara a rabu, ko ya ƙaro wata.

Ni ma na yi nawa. Na zaunar da ita na yi mata nasiha kan haƙuri da tawakkali, na kawo mata ayoyi. Ta saurara da ladabi, ta ce, "Na gode, Malama." Abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ina kansa. Amma ban tambaye ta awa nawa take barci ba, ban tambayi wa take da shi in dare ya yi ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Fabrairu 2023: daren

Sati na biyu na Fabrairu ne, hunturu bai gama sauka ba, ƙasa kuma na cikin wahalar canjin kuɗi. Babban Banki ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira, sababbin babu su, masu POS sun tsawwala, tura kuɗi ta waya sai ya maƙale. Gwamnatin Kaduna na cikin jihohin da suka kai ƙara Kotun Ƙoli kan lamarin, amma hukunci bai fito ba sai 3 ga Maris. A daren da nake magana, abin da ke hannunta naira 1,500 ne tsofaffi, mijin kuma yana wajen Ilori.

Tun magariba yaron ya ƙi nono. Wajen ƙarfe ɗaya ta haska shi da fitilar waya ta ga leɓensa ya yi fari fat, jikinsa ya saki, cikinsa ya tashi ta ɓangaren hagu. Irin cikin da ta taɓa gani.

Ta buga ƙofar ɗakin da ke kusa da nata. Matar ta buɗe, ta dubi yaron, ba ta tambayi komai ba, ta ce, "Kawo yarinyar nan, ke wuce." Ta goya shi ta fita titi da silifas wari da wari.

Ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin wani mai Keke Napep da ke komawa gida ya wuce ta, ya tsaya, ya dawo da baya.

"Baiwar Allah, lafiya da daren nan?"

"Malam, ɗana ne. Ba ni da sabon kuɗi."

"Wa ya tambaye ki kuɗi? Shiga."

A asibiti aka auna yawan jininsa, awon da ake kira PCV, aka samu 11 cikin ɗari, yaron da yakan zauna a 23. Saifarsa ce ta kumbura ta tsare jinin, abin da kan kashe ƙananan 'yan sikila cikin 'yan awoyi in ba a yi ƙarin jini ba. Akwai ledar da ta dace da shi a ma'ajiyar jini, amma sai an kawo wanda zai ba da nasa a madadi, sannan a biya kuɗin gwaji da kayan ƙarin. Ta miƙa hannunta, aka ƙi: tana shayarwa, ga rama, jinin nata ma bai ishe ta ba.

Mai Keken bai tafi ba, yana tsaye a bakin ƙofa. Bai taɓa ba da jini ba, kuma yana cikin masu ganin cewa ɗibar jini na rage wa namiji ƙarfi. Ya yi shiru, sannan ya naɗe hannun riga. Ta ce da aka soka masa allurar ya juya kai bango yana ta salati. Da aka kira sallar asuba ya shiga masallacin da ke kusa, bayan an sallame ya miƙe ya ce ga yaro can yana buƙatar jini, shi ma bai san iyayensa ba. Mutum biyar suka biyo shi, uku suka cancanta.

Saura kuɗi. Mijin ya tura sau uku, bai shiga ba. A gadon da ke gefe akwai wata dattijuwa daga Kakuri, can ƙetaren kogi, Kirista ce mai sayar da doya, tana jinyar autanta ɗan shekara tara, shi ma ɗan sikila. Ta kwance bakin zane ta ciro sababbin takardu daga cinikinta, ta miƙa wa nas. Uwar yaron ta fara rantsuwar za ta biya, dattijuwar ta ce, "'Yata, bari a sa masa jinin tukuna."

Duk wanda ya san Kaduna ya san yadda kogin nan ya raba garin tun rikicin 2000, Musulmi suka tattaru a arewa, Kirista a kudu. Uwar yaron ba ta taɓa zama ta yi hira da wani daga can ba sai a wannan ɗaki.

Da hantsi wata budurwa doguwa ta shigo da kwanon abinci da jakar littattafai, ta gaida dattijuwar, ta tsokani ƙaninta. Da ta fita, dattijuwar ta ce babbar 'yarta ce, shekararta 21, tana karatu a Kaduna Polytechnic, kuma SS ce.

"Mama, wannan ma?"

"Tun tana wata shida. Ita ta koya mini aikin."

Uwar yaron ta ce a rayuwarta ba ta taɓa sanin ɗan sikila na girma ba. Ta ɗauka reno take yi wa kabari.

Kwana tara suka yi a kwance, kuma a cikinsu Mama ta koya mata abin da ta shekara ashirin tana tarawa. Ta kama hannunta ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin yaron na hagu, ta nuna mata yadda ake laluben bakin saifa, suka yi alama a jikin wani ɗan tsinke daidai inda take tsayawa in yana lafiya. Ta nuna mata jan fatar ido ta ƙasa da duba tafin hannu. Ta sa ta sayi ma'aunin zafin jiki, ta ce in ya kai 38 kada ta tsaya kemis. Ruwa kuma a yi ta ba shi, ko bai nema ba. Nas ɗin ɗakin ta duba yadda take yi, ta gyara mata riƙon hannu.

Maris zuwa Mayu 2023: taimako ya samu tsari

Asiri ya riga ya fito, kuma abin da take tsoro bai faru ba. Ranar da aka sallame su ta tarar an share mata ɗaki, an yi wa yarinyar kitso. Hajiya mai gidan ta yi mata faɗa sosai kan ɓoyewar, ta ce, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kina nan kina cin wuta ke kaɗai?"

Maƙwabciyar da ta karɓi yarinyar a daren ta ɗauki nauyin riƙe yaron awa biyu bayan azahar kullum, don uwar ta kwanta. Satin farko ba ta kwanta ba, a bakin ƙofa take tsayawa tana leƙe. Sai da ta koya wa maƙwabciyar duba ido da saifa, ta ga ta iya, sannan barci ya fara ɗaukarta.

Matan gidan da wasu daga ajinmu, mu goma sha biyu, muka buɗe asusu na daban da adashi: naira 200 kowace Juma'a, tsabar kuɗi a hannun Hajiya, ba a taɓawa sai rashin lafiyar dare, ko ta ɗan wa ce. Mijin da ya dawo ya nemo mai Keken, suka je wajen limamin unguwa. A azumin da ya kama 23 ga Maris liman ya yi magana bayan tarawihi, ya jawo ayar Suratul Ma'ida da ke cewa wanda ya rayar da rai ɗaya kamar ya rayar da mutane duka ne. Aka sayi littafi mai bango, aka rubuta mutum goma sha huɗu: suna, lambar waya, rukunin jini, jinotaif, da ranar da mutum ya ba da jini na ƙarshe, tunda sai bayan wata uku namiji ke sake bayarwa.

A bangon ɗakinta, sama da katifa, ta rubuta lamba uku da biro: ta mai Keke, ta mai riƙe da littafin, ta Mama.

Yuni zuwa Oktoba 2023: inda aka samu tangarɗa

Cire tallafin mai a 29 ga Mayu ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Masu zubi suka ragu zuwa bakwai. Mai Keken da kansa ya ce yanzu sai dai a riƙa ba shi kuɗin mai, kuma kowa ya ga gaskiyarsa.

An kuma sa uwar yaron a wani zauren WhatsApp na iyayen 'yan sikila, tana sauraro ta wayar maƙwabciya. Ta ƙaru da wasu abubuwa, amma a watan Agusta aka sanar da rasuwar wani yaro sa'an nata, har da hoto. Ta koma kwanan zaune na sati biyu. Mama ta hau mota biyu daga Kakuri ta zo Rigasa, ta wuni, ta ce ta daina sauraron zauren da dare, kuma ranar asibiti ta gaya wa likita halin da ita kanta take ciki. Ta faɗa. Aka auna hawan jininta, aka haɗa ta da mai ba da shawara, aka ce in abin ya ci gaba akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Bai kai ga haka ba.

A Oktoba likita ya ɗora yaron kan haidiroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon, tare da gwajin jini a kai a kai.

Janairu 2024: gwaji na biyu

Ƙarfe sha ɗayan dare ta laluba ta ji saifar ta wuce alamar tsinken da faɗin yatsa biyu. Mijin yana hanya. Ta kira lamba ta farko, ta miƙa yarinyar maƙota, ta karɓi kuɗi wajen Hajiya. Cikin minti arba'in suna asibiti. PCV 17. Mai littafin ya turo mutum ɗaya kafin asuba. Kwana uku aka sallame su, kuma a dare na biyu nas ce ta tashe ta daga barci don a ba yaron magani.

Abin da na gani a lamarin

Ciwon yaron bai tafi ba, tsoron uwar ma bai tafi duka ba, kuma ban ga laifinta ba, don tsoron ne ya sa take laluba cikinsa kullum. Abin da ya canza shi ne tana barcin awa shida, ta mayar da jikinta, ta daina dukan yarinyar, yaron yana wasa a tsakar gida da sa'anninsa. Mijin yana kira sau biyu a rana.

A ganina nasiha da kuɗin Facebook sun gaza ne don ba su taɓa ainihin abin da ke hana ta barci ba. Tambayarta ita ce: in ya tashi da dare, ni kaɗai, me zan yi, wa zan kira? Mama ta amsa rabin farko da hannunta, unguwa ta amsa na biyu. Ganin budurwar nan da jakar littattafai kuwa ya yi abin da babu bakin da zai iya yi. Alherin daren farko sa'a ce Allah ya kawo, da mai Keken ya bi wata hanya da labarin ya zama daban. Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne da aka mayar da sa'ar littafi da asusu da awa biyun azahar. Sai dai ina jin zafin cewa ran yaro a babban birni kamar Kaduna ya rataya ga wanda ya wuce a titi, kuma gwajin da zai hana duk wannan tun kafin ɗaurin aure bai kai kuɗin lefe ɗaya ba.

Akwai sauran matsaloli a gabansu. Kuɗin maganin wata-wata yana cin kaso mai yawa na abin da mijin ke samu. Likitoci sun fara maganar ko za a cire saifar tunda ta yi sau biyu, iyayen ba su yanke shawara ba. Batun sake haihuwa ma suna ta juya shi tsakaninsu.

Kafin babbar sallar da ta wuce Hajiya ta sa aka yi wa gidan fenti, mai fentin ya shafe lambobin nan uku. Suna cikin wayarta, ta kuma haddace su, amma da bangon ya bushe ta ɗauko biro ta sake rubuta su a inda suke.